FASHIN BAƘI: Yadda ake cike gurbi a Kwamitin Raya Mazaɓa, da abin da ya sa kujerar ta shafi kowane gida a Gulma

Idan kujerar kansila ta zama babu kowa a kanta, kowa ya san abin da zai biyo baya. Hukumar zaɓe ta jiha za ta sa rana, jam'iyyu su tsayar da 'yan takara, a lilliƙa fastoci, jama'a su bi layi. Amma akwai wata kujera a mazaɓa da ake cike gurbinta cikin shiru, sau da yawa ba tare da mutanen gari sun ji labari ba, alhali wanda ya hau ta yana iya zama ɗaya daga cikin mutum biyun da sai sun sa hannu kuɗin asibitin mazaɓar ke fita daga banki.

Kujerar ita ce ta Kwamitin Raya Mazaɓa, wanda ma'aikatan lafiya suka fi kira da WDC. Gulma, ɗaya daga cikin mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Argungu, tana cikin mazaɓu 225 na Jihar Kebbi waɗanda tsarin kiwon lafiya matakin farko ya tanadi kowace ta samu irin wannan kwamiti. Ga bayanin asalinsa, da waɗanda ke zama a cikinsa, da hanyar da ta dace a bi idan ɗaya daga cikinsu ya rasu, ko ya ƙaura, ko ya ajiye aiki.

Daga ina kwamitin ya samo asali?

Tushen maganar taro ne da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka shirya a birnin Alma-Ata na tsohuwar Tarayyar Sobiyet a 1978. A can ƙasashe suka amince cewa kiwon lafiya matakin farko shi ne ginshiƙi, kuma jama'a na da haƙƙi, da nauyi a wuyansu, na shiga cikin tsara shi da gudanar da shi. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka haɗu a Bamako ta ƙasar Mali, suka ƙara da cewa a ba al'umma hannu wajen kula da magunguna da kuɗin ƙananan asibitoci.

A Najeriya, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya ɗauki wannan aƙida da gaske. An fara gwaji a ƙananan hukumomi 52 a 1986, aka fitar da manufar lafiya ta ƙasa a 1988, aka kuma kafa kwamitocin ƙauyuka da na gundumomi. A 1992 aka kafa Hukumar Bunƙasa Kiwon Lafiya Matakin Farko ta Ƙasa, wato NPHCDA. Ita ce a shekarar 2000 ta mayar da mazaɓar kansila ta zama ma'aunin tsara ayyukan lafiya, a maimakon gundumomin lafiya na da. Hikimar ita ce mazaɓa tana da iyaka sananniya, tana da zaɓaɓɓen wakili a majalisar ƙaramar hukuma, kuma mutanenta sun san juna.

Shawara tsakanin mai mulki da masu sana'a ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kabi. Tun kafin zuwan Turawa, mai gari ba ya yanke magana kan gona ba tare da Sarkin Noma ba, ko kan gulbi ba tare da Sarkin Ruwa ba, kuma aikin gayya ya daɗe yana gyara hanya da rijiya. Abin da sabon tsari ya ƙara shi ne rubutu, da kujeru ga mata da matasa, daga baya kuma kuɗin gwamnati.

Su wa ke zama a ciki?

Bisa ƙa'idojin NPHCDA, basaraken yankin shi ne uban kwamiti, amma ba shi ne shugaba ba. Mambobi ne ke zaɓen shugaba da sakatare da ma'aji daga cikinsu. Sauran kujerun sun haɗa da wakilan kwamitocin ƙauyuka da unguwannin da ke cikin mazaɓar, da kansila, da shugabannin asibitocin yankin, da hedimasta, da malamin gona, da jami'in raya karkara, da wakilan malaman addini, da na mata, da na matasa, da na ƙungiyoyin sana'a, har da ungozoma. Ƙa'idojin sun nemi a ware wa mata kaso na kujerun, a kuma ba su muƙami mai aiki. Ana son kwamiti ya zauna sau ɗaya kowane wata, ya rubuta abin da ya tattauna, ya aika wa sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Aikin na sa-kai ne, babu albashi.

Idan aka lura da kyau, kujerun iri uku ne, kuma fahimtar wannan shi ne mabuɗin maganar cike gurbi. Akwai kujerar da muƙami ke kawo mutum kanta, kamar ta kansila da hedimasta da shugaban asibiti, wanda jama'a ke kira incaji. Akwai kujerar wakilci, wadda mallakin wani ƙauye ce ko wani rukuni na jama'a. Sai kujerar shugabanci, wadda mambobi ke bayarwa ta hanyar zaɓe a tsakaninsu. Kowace da hanyar cike ta, kuma yawancin rigingimun da ake samu suna tasowa ne idan aka bi hanyar wannan wajen cike waccan.

Me ya sa kujerar ta yi nauyi yanzu?

Shekaru da dama ana kallon waɗannan kwamitoci a matsayin 'yan shela kawai, waɗanda ake tunawa da su idan allurar rigakafin shan inna ta zo. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ce ta sauya lissafin. Sashe na 11 na dokar ya kafa Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko, wanda aka fi sani da BHCPF, ya kuma wajabta wa Gwamnatin Tarayya zuba aƙalla kashi 1 cikin 100 na dunƙulallen kuɗin shigarta a cikinsa. Dokar ta raba kuɗin kamar haka: kashi 50 ga inshorar lafiya domin ayyukan da kowane ɗan ƙasa ya cancanta, kashi 20 ga magunguna da alluran rigakafi da kayan aiki, kashi 15 ga gyaran gine-gine da na'urori da sufuri, kashi 10 ga horar da ma'aikata, kashi 5 kuma ga agajin gaggawa. Sai a kasafin 2018 aka fara ware kuɗin.

Manufar ita ce a samu aƙalla asibiti ɗaya mai aiki a kowace mazaɓa daga cikin mazaɓu 8,809 na ƙasar nan, kuma wani kaso na kuɗin ya riƙa shiga asusun asibitin kai tsaye duk bayan wata uku. A shekarun farko abin da kowane asibiti ke samu ta wannan hanya ya kai kimanin naira 300,000 a kowane zango. Ba kuɗin gina asibiti ba ne, amma ya isa a sayi magani, a gyara famfo, a liƙe rufin da ke yoyo, a biya mai shara ko mai gadi. Tsarin ya nemi asibiti ya rubuta jadawalin abin da zai kashe tare da kwamitin mazaɓa, kuma masu sa hannu a asusun su ne incaji da shugaban kwamitin. Ke nan mutumin da ya gaji kujerar shugaba ya gaji alƙalamin da ke buɗe asusu.

Alƙaluman lafiya na Kebbi sun nuna girman abin da ke gaban waɗannan kwamitoci. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a cikin kowane yara 1,000 da aka haifa a jihar, 252 ba sa kai shekara biyar, adadi mafi yawa a duk Najeriya a wancan bincike. A wancan lokaci, kashi 7 cikin 100 kacal na haihuwa ake yi a asibiti. Binciken zazzaɓin cizon sauro na 2021 ya samu ƙwayar cutar a jinin kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran da aka gwada a jihar, nan ma Kebbi ce kan gaba. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka zaɓi Kebbi da Bayelsa domin fara allurar rigakafin zazzaɓin a Disambar 2024. Allurar sau huɗu ake yi, a wata na 5 da na 6 da na 7 da na 15 na rayuwar yaro. Kai yaro karo na farko ba shi da wuya. Dawo da shi karo na huɗu, bayan wata takwas, a lokacin da iyaye ke fadama suna fama da shinkafa, shi ne aikin da sai wanda ya san gida-gida zai iya bibiya.

A yanki irin na Gulma, inda fadamar gulbin Rima ke cika da damina, akwai kuma batun hanya. Ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Kebbi, ta tuna wa kowa cewa akwai watannin da wasu ƙauyuka ke yankewa daga asibiti. Ƙauyen da ba shi da wakili a kwamiti, babu mai tuna wa ma'aikata cewa a kai masa maganin rigakafin zazzaɓi na damina kafin ruwa ya rufe hanya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ta yaya gurbi ke samuwa?

Hanyoyin sanannu ne. Mamba na iya rasuwa, ko rashin lafiya ko tsufa su hana shi fita. Ma'aikaci na iya samun sauyin wurin aiki. Matashi na iya tafiya cin rani ya zarce. Wakiliyar mata na iya yin aure a wani gari. Wani na iya ajiye aiki don kansa, ko wa'adin da aka ɗiba wa shugabanni ya cika. Akwai kuma wanda zai shiga takarar siyasa, wanda ya dace ya sauka tun kafin a buga gangar yaƙin neman zaɓe.

Gurbin da ya fi wahalar ganewa shi ne na mamban da sunansa ke cikin rajista amma ƙafarsa ta ɗauke daga taro. Ana jin nauyin cire shi saboda dattijo ne ko ɗan gidan sarauta ne, shi kuwa ƙauyen da yake wakilta ya zauna ba murya. Maganin wannan shi ne kwamiti ya rubuta wa kansa doka tun ana zaman lafiya, cewa wanda ya rasa taro sau kaza a jere ba tare da uzuri ba, za a tuntuɓe shi, idan bai dawo ba a nemi ƙauyensa ya turo wani. Idan dokar ta riga rigimar zuwa, ba wanda zai ce da shi ake.

Matakan cike gurbi

Mataki na farko shi ne tabbatar da gurbin a zaman kwamiti, a rubuta shi a littafin taro tare da dalili da kwanan wata. Daga nan sakatare ya sanar da uban kwamiti da sashen lafiya na ƙaramar hukuma a rubuce. Wannan takarda ita ce hujja a duk abin da zai biyo baya.

Mataki na biyu shi ne tantance irin kujerar. Idan ta muƙami ce, magana ta ƙare: sabon hedimasta ko sabon incaji ko sabon kansila shi ne mamba daga ranar da ya kama aiki. Abin da ya rage wa kwamiti shi ne ya gayyace shi, ya ba shi bayanin inda aka kwana.

Idan kujerar wakilci ce, sai a mayar da ita ga masu ita. Kujerar wani ƙauye, mutanen ƙauyen ne za su zauna su fitar da wanda suke so. Kujerar mata, mata ne za su zaɓa. Haka ta matasa, da ta masunta, da ta direbobi. Shugaban kwamiti ba shi da hurumin ɗauko ƙanensa ya ɗora, kansila ma haka. Domin zaɓin ya zama na jama'a da gaske, sanarwa ta fita da wuri ta hanyoyin da mutane ke ji: bayan sallar Juma'a, ta bakin mai shela, a ranar kasuwa, da kuma ranar awon ciki da ranar rigakafi a asibiti, inda mata ke taruwa. A faɗi kujerar da ake magana a kai, da aikin da ke cikinta, da cewa babu albashi, da ranar taro da wurinsa.

A wurin taron, mai gari ko mai unguwa shi ne shaida. Idan an yi ittifaƙi a kan mutum ɗaya, a rubuta. Idan masu so sun fi ɗaya, a ba kowa dama ya yi magana, sannan a ƙirga hannu ko a bi layi. A rubuta sunayen waɗanda suka halarta. A wuraren da mata ba sa zama taro ɗaya da maza, a shirya musu nasu zaman a gidan da suka amince da shi, wata ma'aikaciyar lafiya ko malamar makaranta ta rubuta sakamakon. Mijin da ya zo ya ce yana magana da yawun matan unguwa bai cike kujerar mata ba.

Idan kujerar shugabanci ce, mambobi ne za su yi zaɓe a zaman da aka sanar da kowa tun da wuri, kuma mafi yawansu suka halarta. Mataimaki na iya riƙon ƙwarya, amma riƙon ya kasance da iyaka. A nan akwai abin da ake yawan mantawa: idan shugaban da ya tafi wakilin wani ƙauye ne, gurbi biyu ya bari. Mambobi za su zaɓi sabon shugaba, ƙauyen kuma zai turo sabon wakili.

Mataki na ƙarshe shi ne miƙa aiki, kuma a kujerar shugaba ya fi kowane mataki muhimmanci. Banki ba ya canza mai sa hannu da maganar baki. Zai nemi takardar da ke nuna shawarar da aka yanke, da wasiƙar gabatarwa daga hukuma, da katin shaida da lambar BVN ta sabon shugaban. Har sai an kammala wannan, ko dai kuɗin asibiti su maƙale, ko kuma tsohon shugaba ya ci gaba da sa hannu a kan abin da ba shi da sauran iko a kai. Duka biyun haɗari ne. Ya dace a karanta wa mambobi abin da ya rage a asusu a ranar miƙa aiki, a ƙirga magungunan da ke sito, a miƙa littafin taro da rasitai, tsoho da sabo su sa hannu a gaban shaidu. Yin haka kariya ce ga wanda ya sauka kamar yadda yake kariya ga wanda ya hau.

Wane ne ya cancanta?

Sharaɗi na farko shi ne zama a cikin mazaɓar. Ɗan gari mai kuɗi da ke zaune a Birnin Kebbi ko Abuja na iya taimakawa da aljihunsa, amma ba zai san ko an buɗe asibiti ranar Talata da dare ba. Na biyu shi ne amana da mutunci a idon jama'a. Na uku shi ne lokaci, domin taron wata-wata da zagayen ƙauyuka na cin ranakun aiki. Sakatare dole ya iya rubutu da karatu, shugaba da ma'aji kuma su iya bin lissafi, ko su kasance masu tambaya har sai sun gane.

Akwai kuma waɗanda bai kamata su hau kujerar shugaba ko ma'aji ba, ko da mutanen kirki ne. Mai shagon magani da ke sayar wa asibitin kaya, da ɗan kwangilar da ke neman aikin gyaransa, da ɗan'uwan incaji na jini, da shugaban jam'iyya na mazaɓa, duk suna da wata buƙata da za ta yi karo da aikin sa ido. Ba a ba kura ajiyar nama, ko da kurar ta yi rantsuwa.

Inda ake samun tangarɗa

Matsalar da ta fi yawa a sassan ƙasar nan ita ce siyasa. Da zarar gwamnati ta sauya a ƙaramar hukuma, sai a ga an rushe kwamitoci an cika su da magoya baya, kamar dai muƙaman siyasa ne. Kwamitin da aka kafa ta haka yana kallon wanda ya naɗa shi, kuma rabin gari na ɗaukarsa na ɗaya ɓangaren. Ranar da aka zo rigakafi, ƙofofin wancan rabin ba za su buɗe masa ba.

Ta biyu ita ce mayar da kujera gado, uba ya rasu a ba ɗa ba tare da an tambayi kowa ba. Ta uku ita ce cika kwamiti da mutanen babban gari a bar ƙauyukan gefe da rugagen Fulani da tungayen masunta, waɗanda su ne suka fi nisa da asibiti. Ta huɗu ita ce sunan mace a takarda kawai, domin a nuna wa baƙi. Ta biyar ita ce zaton akwai kuɗi: mutum ya yi ta kamun ƙafa don ya shiga, ya tarar babu alawus sai ɗan abin da ake bayarwa a lokacin horo ko gangamin rigakafi, ya ɗauke ƙafa. Faɗin gaskiya tun a sanarwa na rage wannan.

Ta ƙarshe, wadda ta fi illa ga asusu, ita ce shugaban da ke sa hannu a takardar cire kuɗi ba tare da ya karanta ba, ko ma ya sa hannu a farar takarda don kada a riƙa tashinsa daga gona. An sa mutum biyu ne domin ɗaya ya duba ɗaya. Idan na biyun ya zama hatimi kawai, tsarin ya rushe ko da ba a saci ko kwabo ba.

Ina matsayin sarakuna?

Tun bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976, ikon gudanarwa ya bar hannun sarakuna ya koma ga majalisun ƙananan hukumomi, amma ƙimarsu a idon jama'a ba ta tafi ba. Yaƙi da shan inna ya tabbatar da haka. Bayan turjiyar da aka yi wa allurar a wasu jihohin Arewa a 2003, shigowar sarakuna na cikin abubuwan da suka dawo da amincewar iyaye. A 2009 aka kafa Kwamitin Sarakunan Arewa kan Kiwon Lafiya Matakin Farko a ƙarƙashin inuwar Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, kuma a Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammad Mera, wanda ke kan gadon sarauta tun 1996, ya jagoranci wannan kwamiti na sarakuna. Ke nan Gulma tana cikin masarautar da maganar lafiyar matakin farko ba baƙuwa ba ce a fadarta.

Sai dai ƙa'ida ta ajiye basarake a matsayin uba, kuma akwai hikima a ciki. Uba shi ake kai wa ƙara idan an yi rashin adalci wajen zaɓe, ko idan shugaba da incaji sun saɓa. Idan shi ya naɗa shugaban da hannunsa, babu sauran wurin kai ƙara.

Yadda wasu ƙasashe ke yi

A Jamhuriyar Nijar, maƙwabciyar Kebbi, cibiyoyin lafiya da makarantu na da kwamitocin gudanarwa da ake kira COGES, waɗanda jama'ar gari ke zaɓen wakilansu. A Indiya, shirin lafiyar karkara da aka fara a 2005 ya kafa kwamitocin lafiya na ƙauyuka, ya ba kowanne rupi 10,000 a shekara, ya kuma nemi rabin mambobi su kasance mata. A Brazil, wata doka ta 1990 ta ba masu amfani da asibitoci rabin kujerun majalisun lafiya na birane da jihohi.

Birnin New York na Amurka ya bi wata hanyar dabam. Yana da kwamitocin shawara na unguwanni 59, kowanne da mambobi har 50 marasa albashi, masu wa'adin shekara biyu. Mai so yana cike takardar nema, shugaban yanki ne ke naɗawa, rabin sunayen kuma daga kansilolin birni suke fitowa. Idan gurbi ya samu a tsakiyar wa'adi, wanda aka naɗa yana ƙarasa ragowar wa'adin ne kawai. Hanyoyin sun bambanta, wasu zaɓe wasu naɗi, amma abu ɗaya ya haɗa su: an rubuta wanda ke da ikon cike kujera da tsawon zaman wanda ya hau ta, kuma kowa na iya sanin sunayen masu wakiltarsa.

Abin da ɗan mazaɓa zai iya yi

Ba sai mutum ya zama mamba ba kafin ya yi tambaya. Duk mazaunin Gulma, ko Sauwa, ko Lailaba, ko Alwasa, na iya zuwa asibitin mazaɓarsa ya nemi sanin sunan shugaban kwamiti, da wanda ke wakiltar ƙauyensa ko unguwarsa, da ranar da aka yi zaman ƙarshe. Idan amsar ita ce wakilin ya rasu bara ko ya koma wani gari, to akwai gurbi, kuma mutanen ƙauyen na da damar zuwa wurin mai gari su nemi a kira taro.

Idan an cike kujera ba tare da sanin masu ita ba, ƙorafi na farawa daga uban kwamiti, ya wuce zuwa sashen lafiya na ƙaramar hukuma a Argungu, sannan Hukumar Kiwon Lafiya Matakin Farko ta Jihar Kebbi a Birnin Kebbi. A rubuta shi, a ajiye kwafi. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman bayani a rubuce daga hukumar gwamnati, ta kuma ɗiba wa hukumar kwana bakwai ta amsa. A Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa dokar ta shafi jihohi ma.

Irin wannan tsari na wakilci shi ne kuma ke aiki a kwamitocin kula da makarantu, waɗanda aka fi sani da SBMC, inda iyaye da malamai da tsofaffin ɗalibai da mata ke da kujeru. Wanda ya gane yadda ake cike gurbi a ɗaya ya gane na ɗayan. A duka biyun, tambayoyin da za a riƙe su ne: kujerar ta wace ce, wa ya zaɓi wanda ke kanta, yaushe wa'adinsa zai cika, kuma a wane littafi aka rubuta.